Sule Ɗaya A Rana: Manomin Da Ya Je Yaƙin Bama

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Dandume ko Funtua ko Bakori kafin shekarun 1990, da wuya a ce bai san irin tsohon da za mu yi magana a kansa ba. Ba a cika kiransa da sunan yanka ba, sai dai Kofur, ko Saje, ko Baba Soja. Ko da shekaru sun ranƙwafar da sa'o'insa, shi in ya miƙe sai ya tsaya ƙyam. A ƙasan adakarsa akwai wani ɗan littafin sallama da ya sha jiki, da lambobin ƙarfe biyu ko uku naɗe cikin tsumma. Muna yara mukan bi bayansa muna kwaikwayon fareti, shi kuwa wani lokaci ya kore mu, wani lokaci ya zaunar da mu ya ba mu labari. Yakan ce ya je ƙasar da ake wata guda ana ruwa ba a ga rana ba, inda abinci ke saukowa daga sama da laima, inda tsutsa ke shan jinin mutum ta cikin takalmi. Mu dai mun ɗauka tatsuniya ce. Sai da muka girma muka karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan muka tarar ashe tsohon rage mana ma ya yi.

Littattafan tarihi sun adana sunayen janar-janar ɗin da suka ja wannan yaƙi. Shi kuwa farabiti ɗan ƙauye, lamba ce kawai a cikin rajista. Saboda haka a nan za mu bi sawun irin wannan mutum ne, tun daga gonar ubansa har zuwa kwarin Kaladan da dawowarsa, muna dogaro da abin da ya tabbata game da rundunar da ya yi wa aiki da zamanin da ya rayu a ciki.

Ƙasar da ya baro

A 1939 Dandume tana cikin ƙasar Maska, a kudu maso yammacin masarautar Katsina, inda ƙasar Katsina ke haɗuwa da ta Zazzau da dajin Birnin Gwari. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne bisa gado, tun 1906 yake sarauta. Shekara biyar ke nan da Turawa suka cire Katsina daga Lardin Zariya suka mai da ita lardi mai zaman kansa. Masarar da ta yi wa kasuwar Dandume suna a yau ba ta mamaye gonaki ba sai bayan da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua a 1975. A wancan lokaci dawa da gero ake zubawa a rumbu, auduga da gyaɗa kuwa su ne na kuɗi. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtua da Gusau ta isa Ƙaurar Namoda a 1929, ita ta mai da Funtua matattarar auduga, da injin gurzarta da kantunan Turawa.

Saurayi ɗan shekara goma sha takwas a irin wannan ƙasa yana noma ne a gandun ubansa. Abin da zai kira nasa shi ne ɗan gayaunan da yake taɓawa da yamma. Haraji kuwa da tsabar kuɗi ake biyansa, haka nan kayan aure. In kaka ta wuce sai ya ɗauki sanda da gora ya tafi cin rani, ko Zariya, ko Kaduna, ko Jos. Fita nema ba baƙon abu ba ne gare shi. Abin da iyayensa ba su taɓa yi masa fata ba shi ne aikin soja.

Dalilin wannan ƙyama yana da tushe. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Ikko, yawancinsu bayin da suka tsere, ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira da sunansa. A 1897 aka ba Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta ƙone Satiru a 1906. Dattawan 1939 da idonsu suka ga wannan zamani. A wurinsu soja shi ne bulalar Nasara, bariki kuwa wurin da kunya ba ta kwana. Har yau in aka ce wa mutum ɗan bariki ba yabo ba ne. To, me ya kai ɗan manomi can?

Ƙofofi uku

Ingila ta shiga yaƙi da Jamus ranar 3 ga Satumba 1939. Labari ya iso ƙauyuka ta bakin fatake da malaman haraji, da kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun wannan shekara, Abubakar Imam na editanta. Mutum ɗaya mai karatun boko kan karanta wa dandali guda. Da fari yaƙin Hitila labari ne na nesa. Amma cikin Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙin, Faransa kuma ta faɗi hannun Jamus, gwamnatin Faransawa da ke mulkin Nijar ta bi ɓangaren Vichy mai ɗasawa da Jamus. Dare ɗaya Maraɗi ta zama ƙasar da ake yi wa kallon abokan gaba, iyakar Katsina ta arewa ta zama wurin tsaro, har zuwa Nuwamban 1942. Turawa suka shiga faɗaɗa rundunar Najeriya da gaggawa.

Sai kuma Japan ta kunno kai. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 ta karɓe Singafo, bayan ta cinye Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawan gaske. Nan take ido ya koma kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka kwashi talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, rukuni bayan rukuni, zuwa haƙar kuza. Sanyin Jos da ƙarancin abinci da cunkoson bukkoki suka kashe mutane da yawa, wasu suka gudu suka shiga daji. A gida kuma ana matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa, ga tsadar gishiri da kananzir da yadi.

Saurayinmu ke nan a gaban ƙofofi uku: ya zauna ya ji da haraji da tsada, ko sunansa ya faɗo cikin 'yan kuza, ko ya shiga soja. A takarda shiga soja ganin dama ne. A aikace kuwa, kamar yadda masana irin su David Killingray suka nuna, Razdan kan faɗa wa Sarki adadin da ake bukata, Sarki ya rarraba wa hakimai, hakimi ya sauke wa dagatai, dagaci ya dubi masu unguwa. Kowa ya san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Ba ɗan mai gari ake miƙawa ba. Maraya ne, ko baƙo, ko wanda bashin haraji ya yi wa katutu, ko wanda aka gaji da fitinarsa. Amma kada mu ce duka tilas ce. Akwai waɗanda suka kai kansu. Sule ɗaya a rana, ga abinci ga sutura, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai taɓa riƙe fam guda nasa na kansa ba. Akwai wanda budurwa ta ƙi, akwai wanda ya yi faɗa da wansa, akwai wanda kakin ne da ƙarar badujala suka ɗauke masa hankali.

Hanyarsa a bayyane take. Tafiyar ƙafa zuwa Funtua, daga nan jirgin ƙasa zuwa Zariya, inda makarantar horon kurata take tun 1924. Likita ya auna ƙirjinsa, ya duba haƙoransa da tafin ƙafarsa. Ya dangwala yatsa. Musulmi ya rantse da Alƙur'ani, Kirista da Baibul, mai addinin gargajiya da ƙarfen banati. Aka aske kansa, aka ba shi lamba. Malamin rajista kan rubuta sunan mutum ya haɗa da sunan gari: wane Katsina, wane Zariya, wane Sakkwato. Sau da yawa ɗan ƙaramin gari sunan babban garin da aka fi sani ake liƙa masa. Tun ranar farko ke nan sunan ƙauyensu ya fita daga labarin.

A bariki ya koyi sabon yare. Shi kurtu ne, in ya gama horo ya zama farabiti. Sama da shi akwai kofur da saje da samanja, nan kuma tsanin baƙar fata ya ƙare. Hafsoshi duk Turawa ne, 'yan Ingila da 'yan Rodeshiya, har da 'yan Folan da aka aro. Har yaƙin ya ƙare babu ɗan Najeriya ko ɗaya da aka ba muƙamin hafsa. Hausa ce harshen rundunar tun asali, Bature ma sai ya koye ta, ko da yake lokacin yaƙin an shiga cusa Turanci saboda yawan sababbin hafsoshin da ba su jin ta. Kafin yaƙin sojan Najeriya ba takalmi yake fareti ba, da jar dara a kansa. Yanzu aka ba shi takalmin ƙarfe da malafa. Bulala kuwa tana nan cikin hukuncin sojan baƙar fata, shekaru da dama bayan an hana dukan sojan Ingila.

Daga Habasha zuwa Bama

Waɗanda suka shiga da wuri Gabashin Afirka aka fara kai su, yaƙi da Italiya. Birged ɗin Najeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, sannan ta kama hanyar arewa cikin motoci, ta ratsa hamadar Ogaden, ta isa Harar ta Habasha kafin ƙarshen Maris. Tafiya ce ta kusan mil dubu cikin wata guda. Wannan ƙasa ba ta ba ɗan Katsina mamaki sosai ba: ga ƙaya, ga raƙuma, ga Musulmi masu kiran salla.

Bama daban ce. Ba Bama ta Borno muke nufi ba, ƙasar da yau ake kira Myanmar, wadda Japan ta ƙwace daga Ingila a 1942. Janar Giffard, wanda ya shugabanci sojan Afirka ta Yamma kafin a mai da shi Indiya, shi ya tsaya kan a kawo su. Hujjar da aka kafa ita ce wai mutanen Afirka ta Yamma sun saba da kurmi. Ɗan Dandume da ya tashi cikin ƙasar kaɗanya da ɗorawa, inda ake hango mahayin jaki tun daga nesa, bai taɓa ganin kurmi irin wannan ba sai da aka jefa shi ciki. A 1943 aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82. Jimillar mutanen Afirka ta Yamma da aka kai wannan fage ta kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

Daga Ikko aka zuba su jirgin ruwa. Ayarin farko ya zagaya ta kudancin Afirka, makonni bisa teku kafin a sauka Bombai. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne rafin da ke ƙafewa da rani, ga shi ya wayi gari ba tudu gabas ba tudu yamma, yana tambayar limamin bataliya ina alƙibla. Daga Bombai jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su zuwa gabas, har yankin Chittagong, bakin iyakar Bama.

Aikin da aka ba runduna ta 81 shi ne ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ta tsare gefen babbar rundunar da ke bin gaɓar teku. Babu hanya, sai da suka sara ta da adda da diga, mil saba'in da 'yan kai cikin tsaunuka da gora, har ƙaramar mota ta iya bi. Ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan ta sama: jirage su zo su saki buhunan shinkafa da akwatunan harsashi da laima. Abin da tsohon nan ke gaya mana ke nan muna dariya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, dubban waɗannan sojoji ɗaukar kaya ne aikinsu. An shirya su rukuni-rukuni na 'yan dako, suna ɗauke da harsashi da sassan igwa da kayan asibiti a ka, su hau inda alfadari ba ya iya hawa. Gammon da yaro ya saba naɗawa don ɗauko dawa daga gona, shi ne ya zama dabarar yaƙin da Turawa ke alfahari da ita. Idan muka ce sojan ƙauye, akwai yiwuwar wannan shi ne aikin da ya yi: adda a hannu, kaya a ka, harsashi na wucewa.

Wasu kuma aka ware su. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na rundunar Najeriya aka haɗa su da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jirage a bayan layin Japanawa cikin 1944. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka tsare sansanin da aka laƙaba wa White City, inda Japanawa suka yi ta kawo hari dare da rana. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris na wannan shekara.

Amma ba harsashi ne babban mai kisa ba. Ruwan da ke sauka a Arakan ya ninka na Funtua sau huɗu ko biyar. Kaya ba ya bushewa, ƙafa tana ruɓewa cikin takalmi, matsattsaku na manne a jiki. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini. Janar Slim, shugaban rundunar Bama duka, ya ƙiyasta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda cuta. Sai da aka tilasta shan ƙwayar maganin zazzaɓi kullum a gaban saje sannan abin ya ragu.

A cikin 1944 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, aka naɗa ɗansa Usman Nagogo. A wannan shekarar sabon Sarki ya yi tafiya har Indiya da Bama ya gana da sojojin Najeriya. Mu tsaya mu auna abin da wannan ke nufi ga talakan ƙasar Maska. A gida, da wuya ya taɓa ganin Sarki sai dai ƙurar dawakinsa. Ga shi sai a bayan duniya suka haɗu, Sarki ya zo gaishe shi.

Cikin Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan. Runduna ta 82 ta ci gaba da bin Japanawa kudu, ta wuraren da sunayensu za su ba mai karatu mamaki: Dalet, Tamandu, An, Letmauk. Ranar 15 ga Agusta 1945 Japan ta miƙa wuya.

Biyu da aka san sunansu

Daga cikin dubban nan, kaɗan ne labarinsu ya tsira da sunansu. Ɗaya shi ne Chari Maigumeri. Ya fara aikin soja a rundunar Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunar Najeriya a 1917. Ya yi yaƙin Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Farko, ya zama babban samanja, ya samu lambar jarumta a yaƙin Habasha, ya je Bama. Da ya yi ritaya a 1953 aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake amsawa. Shi ne iyakar inda soja marar boko zai iya kaiwa, kuma sai da ya ba da shekara 36.

Na biyu Isaac Fadoyebo ne, ɗan wani ƙauye kusa da Owo a ƙasar Yarabawa, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya. Cikin Maris 1944 Japanawa suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin Kaladan, aka farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani sojan Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gane kashe shi za su yi. Mun san wannan ne don Fadoyebo ya yi makaranta, ya rubuta labarinsa da hannunsa. Takwaransa na ƙasarmu allo ya yi, in ma ya yi. Labarinsa a bakinsa yake, kuma mu da ya kamata mu rubuta muna can muna kwaikwayon faretinsa.

Dawowa

Yaƙi ya ƙare amma ba jirgi. Aka fara kwashe Turawa, sojojin Afirka suka yi ta jira a sansanonin Indiya, da yawa sai cikin 1946 suka ga Ikko. An yi musu maraba da kiɗa da jawabai. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Aka ba kowa littafin sallama da lambobinsa, ciki har da tauraron Bama, da 'yan kuɗin sallama. Takardun gwamnatin Ingila da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna kuɗin sallamar farabiti Bature ya kusa ninka na baƙar fatar Afirka mai muƙami ɗaya da shi sau uku. Fansho kuwa sai wanda ya daɗe ƙwarai a aiki ko ya nakasa. Mafi yawan waɗanda aka ɗauka don yaƙin kawai ba su samu ba.

Ya sauka tashar Funtua da akwatin ƙarfe da bargo. A gida wani ya tarar an yi masa sadakar arba'in tun tuni. Wani ya tarar an raba aurensa don shekara uku ba wasiƙa. Wani ya tarar uban ya rasu, an raba gandu ba da shi ba. Kuɗin sallamar ya tafi a aure da keke da riguna, cikin shekara guda ya ƙare. Wanda ya koyi tuƙi ya kama motar auduga. Wasu suka shiga 'yan doka ko dogarai na En'e, wasu masinjan ofis, wasu gadin kanti. Mafi yawa suka koma ga fartanya.

Amma ba mutumin da ya tafi ne ya dawo ba. Ya ga Bature yana kuka, ya ga Bature yana gudu, ya ga Bature talaka yana wanke kwano a jirgin ruwa. Ya ga Indiyawa suna zanga-zangar neman 'yanci, kuma shekara guda bayan dawowarsa suka samu. Irin wannan mutum yana da wuyar durƙusawa gaban ɗan sarki mai karɓar haraji. Ba za mu ce tsofaffin sojoji ne suka kawo siyasar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba, don yawancinsu ba su shiga jam'iyya ba. Sai dai a ƙauyen da ke da mutum ɗaya da ya san Bature ɗan Adam ne, tsoro ya riga ya tsage. Akwai kuma waɗanda suka dawo da abin da ba a gani. Su ne masu firgita cikin dare, masu faɗuwa ƙasa in aradu ta faɗi. Mutane suka ce iska ce, ko an yi musu sammu a can. Aka yi ta turare da rubutu.

Da yaƙin basasa ya tashi a Yulin 1967, gwamnati ta kira tsofaffin sojoji su dawo. Rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba ta kumbura ta kai wajen 250,000 kafin Janairun 1970. Wasu 'yan Bama, furfura ta fara fito musu, suka sake sa kaki suna horar da sababbin kurata, waɗanda su ma 'ya'yan manoma ne daga irin ƙauyukan nan. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin da ya je gaishe su a Bama, shi ne ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a tsakiyar wannan yaƙi. Cikin tsara ɗaya aikin da ake tura maraya ya zama aikin da 'ya'yan sarakuna ke nema.

Abin da ya rage

Wanda ya bi ta Zariya zai ga barikin Chindit. A Kaduna akwai Dalet da Kalapanzin, a Ibadan akwai Letmauk, a Ikko akwai Arakan da Myohaung da Tamandu da An, har da Dodan, inda aka mulki ƙasar nan shekara da shekaru. Muna faɗin sunayen nan kullum, kaɗan ne cikinmu suka san sunayen ƙauyuka da koguna ne na Bama inda kakanninmu suka zubar da jini. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, kuma cikinsu akwai sunaye irin namu, haɗe da sunayen garuruwanmu. Ranar tunawa da mazan jiya ma, da ake yi 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu don ta dace da ƙarshen yaƙin basasa.

Wannan tarihi bai tsufa ba. Yau ƙasar Dandume da Sabuwa da Faskari tana fama da 'yan bindigar daji, manomi na tsoron gonarsa. A Oktoban 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, kuma waɗanda suka cika ta samarin ƙauyukan nan ne, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan. Wasu kuma suna Zariya a makarantar kuratan da kakansu ya shiga. Tambayoyin da suka bi ɗan 1942 suna nan suna jiran amsa: wa ake turawa gaba, nawa ake biyansa, wa zai riƙe matarsa da 'ya'yansa in bai dawo ba, wa zai dubi lafiyar kansa in ya dawo.

Tsofaffin Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Amma 'ya'yansu suna nan, wasunsu sun ji labarin daga bakin mai shi. A gidaje da dama adakar nan tana ƙarƙashin gado, littafin sallama na ciki, da lambar mutum da bataliyarsa da ranar da ya shiga da ranar da ya fita. Kusan kowane gida yau akwai wayar da ke ɗaukar hoto da murya. Wanda ke da irin wannan takarda a gidansu ya ɗauki hotonta kafin gara ta gama da ita, ya zaunar da gwaggonsa ko baffansa ya tambaye su abin da tsohon ya faɗa, ya rubuta sunan ƙauyen da malamin rajista bai rubuta ba.